Kukan bayan motar tsere: kafin a ɗora wa dif laifi

Duk wanda ya mai da motar hawa ta koma ta tsere, abin da ya fara saya da kuɗinsa shi ne hayaniya. Ya fitar da kujerun baya, ya ɗaye kafet da baƙar kwaltar da kamfani ya manna a ƙasan mota don ta shanye sauti, ya zare robobin da ke raba ƙarfe da ƙarfe ya cusa alminiyam a gurbinsu, ya kafa kejin ƙarfe daga gaba har but. Sannan ya fita gwaji, ya ji bayan motar yana kuka, ya dawo gareji fuska a murtuke ya ce dif, wato akwatin giyan da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya, ya tafi. Sau da yawa dif ɗin lafiyarsa lau. Kukan yana nan tun ranar da motar ta bar masana'anta. Injiniyoyi ne suka toshe masa hanyar isowa kunne, shi kuma ya buɗe ta da hannunsa.

A motar gida sabuwar ƙara alamar matsala ce, shi ke nan. A motar tsere ƙara ta yi yawa har ta daina zama shaida. Aikin makanike ya koma tantance wadda take ta lafiya da wadda take gargaɗi, kuma abin haushin shi ne ƙarar da ta fi cika kunne ba kasafai take zama mai haɗarin ba.

Motar da ta fi dacewa a yi wannan bayani a kanta ita ce BMW M3 samfurin E46, wadda aka ƙera daga 2000 zuwa 2006. Har yau tana cikin motocin da aka fi gani a ranakun gwajin gudu a Nürburgring na Jamus da Silverstone na Ingila da filayen Amurka, kuma kusan babu wani ciwo na bayan mota da ba a san ta da shi ba. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.2, ƙarfin doki 343, yana juyawa har kusan 8,000 a minti. Daga giyabos ƙarfin yana bi ta wani faifan roba mai kusoshi shida, ya shiga farfela, doguwar sandar ƙarfe mai juyawa a ƙarƙashin mota, mai gaɓa biyu wadda boris yake riƙe da ita a tsakiya, ya isa dif, daga nan shaf biyu su raba shi zuwa tayoyi. Shi dif ɗin yana rataye ne a jikin wani firam na ƙarfe, gadon aksil, gadon kuma kusoshi huɗu suka ɗaure shi a ƙasan but. Kowace gaɓa a wannan jeri tana da irin kukanta, amma da yake duk a ɗaure suke da juna, kukan ɗaya yakan fito ta bakin ɗaya. Shi ya sa direba zai rantse cewa daga dama ƙarar take, a je a tarar da ɓarnar a hagu.

Saboda haka tambayar "daga ina take fitowa" ba ta da amfani sosai a farko. Wadda take da amfani ita ce: me ƙarar take bi? A bayan mota gudu iri uku ne, na taya, na farfela, da na inji, kuma kowanne ana iya lissafa shi. Tayar baya ta asali ta wannan mota, 255/40 a kan rim 18, kewayenta ya ɗan haura mita biyu. A gudun kilomita 100 a awa tana juyawa kamar sau 13 a sakan. Dif ɗinta 3.62 ne, wato farfela tana juyi uku da ɗoriya kafin taya ta yi ɗaya, don haka farfelar tana kusan 48 a sakan, kimanin 2,900 a minti. Ƙaramin giyan da ke bakin dif, finiyon, idan haƙoransa 13 ne, to haƙori yana cizon haƙori kusan sau 630 a sakan. Na farkon jiki ne yake jin sa, wani bugu-bugu a kujera. Na biyun gurnani ne da ke sa madubi rawa. Na haƙoran kuwa fito ne siriri da ke hawa yana sauka tare da allurar gudu. Yanzu manhajar auna sauti ta wayar hannu tana nuna waɗannan lambobi a fili, kuma idan layin da ya fi haske ya tsaya a wajen 630 a gudun 100, ya sauko wajen 315 a gudun 50, an san haƙoran dif ne suke magana. Ko maganar tasu ta ciwo ce, wannan wata tambaya ce daban.

Akwai tarko guda a wannan mota. Giya ta biyar ɗinta kai tsaye take, inji da farfela juyi ɗaya suke yi. Wanda ya yi gwajinsa a ta biyar ba zai iya raba jijjigar inji da ta farfela ba. Sai a riƙe gudu ɗaya, a gwada a ta huɗu, a gwada a ta shida. In ƙarar ta canza murya, ta inji ce ko ta giyabos. In ta tsaya yadda take, daga farfela zuwa baya ne. Daga nan a sa mota a firi a bar ta tana gangarawa. Ƙarar da ta ɓace da an sauke wa haƙora nauyi, ta haƙora ce ko ta gaɓoɓin da ke ɗaukar ƙarfi. Wadda ta ci gaba ba ruwanta da totur, a nemi taya ko boris.

Taya kuwa ta sha jawo wa dif sharri. Tayoyin tsere masu ƙarancin zane, irin su Toyo R888, an san su da ruri tun suna sababbi, kuma motar da aka karkatar da ƙafafunta ciki don ta riƙe kwana tana cinye taya a gefe ɗaya, ta bar mata tudu da kwari, rurin ya ƙaru. A ɗaura tayoyin titi a zaga sau ɗaya, minti ashirin sun raba gardamar. Na fi ganin laifin makaniken da ya tsallake wannan gwaji fiye da na wanda bai iya saita haƙoran dif ba, domin na biyun ƙwarewa yake nema, na farkon jak da sifana kawai.

Boris ɗin taya shi ma ruri yake, amma nasa yana amsa sitiyari. A kan hanya mai faɗi, a karkata hagu nauyi ya koma dama, a karkata dama ya koma hagu. In rurin ya tsananta sa'ad da aka karkata hagu, na dama ake zargi. Zargi ne kawai, don boris ɗin layi biyu ne a ciki, kuma wanda layinsa na ciki ya ci yakan yi kuka a kwanar da ba a zata ba. A filin tsere ba sa daɗewa. Taya mai danƙo tana tura su gefe da ƙarfin da ba a tsara su dominsa ba, zafin birki yana narkar da giris ɗinsu, ga dukan tudun gefen hanya da direbobi ke hawa don su rage kwana.

Yanzu a zo kan dif ɗin kansa, inda maganar take da zurfi. Finiyon ba ya cizon babban giya a tsakiyarsa, yana ɗan ƙasa da tsakiya, kuma haƙoran a murɗe suke. Wannan tsari yana ba su ƙarfi, amma yana sa haƙori ya riƙa gogar ɗan'uwansa yana zamewa maimakon ya mirgina kawai, shi ya sa suke bukatar mai na musamman mai jure matsi, irin 75W-140 da ake zuba wa wannan mota. Kowane haƙori fuska biyu gare shi. Ɗaya tana aiki sa'ad da aka taka totur, ɗaya sa'ad da aka saki totur tayoyi suka koma su ne ke tura inji. Kuma murɗin haƙoran yana tura finiyon waje idan ana ba mota wuta, ya jawo shi ciki idan an saki. Daga wannan ake karanta kukan. Fito a lokacin da aka taka kawai yana nuna fuskar tuƙi ce ba ta zauna daidai ba, ko ta ci. Fito ko shuuu a lokacin da aka saki kawai, musamman in sabo ne, yawanci matsin boris ɗin finiyon ne ya saki, finiyon ya sami damar shiga ciki fiye da ƙima.

Shi wannan na biyun sau da yawa hannun mutum ne ya jawo shi. Matsin yana fitowa ne daga wani zoben ƙarfe da ke lanƙwashewa sa'ad da ake ɗaure babban notin finiyon. Mai ya fara ɗiga, aka kwance notin don a canza sil, aka mai da shi da bindigar iska ba tare da an sa alama ko an auna ba. In an wuce, boris ya ƙone. In ba a kai ba, ya yi sako-sako. Mako biyu bayan haka mota ta fara waƙa, mai ita kuma ya manta cewa an taɓa wurin. Don haka tambayar da ya kamata makanike ya fara yi wa mai mota ita ce me aka taɓa a ƙarshe, ko da abin bai yi kama da mai alaƙa ba.

Haka ma masu canza giyan dif zuwa 3.91 ko 4.10 don mota ta fi zabura daga kwana. Sabon giya sai an saita zurfinsa da siraran washa, a auna ratar da ke tsakanin haƙora da agogon awo, ratar da ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, a shafa fenti a haƙoran a juya a ga inda suke taɓa juna. In aka yi kuskure aka fita da mota haka, haƙoran sukan goge kansu a gurbin da bai dace ba, kuma bayan haka ko an sake saiti kukan ba ya tafiya gaba ɗaya. Ga kuma abin da ake mantawa: da 4.10, farfela tana juyi kusan 6,600 a minti a gudun kilomita 200, maimakon 5,800. Ƙaramin rashin daidaito da ba a ji a da sai ya fito fili, a ce sabon dif ne ke jijjiga, alhali tsohuwar farfela ce aka ƙara wa gudu.

To amma ga mota da aka ɗaure wa gadon aksil da dif da bushin na alminiyam a gurbin robobin kamfani. Fiton haƙora zai shigo cikinta ko da saitin ya fi na kamfani kyau. Yadda ake gane na lafiya shi ne bai canzawa. Ya bayyana ranar da aka sa bushin ɗin, muryarsa ɗaya a wata na farko da na shida, ba ya ƙaruwa in mai ya yi zafi. Na ciwo kuwa yana girma, yana faɗaɗa zuwa gudun da a da babu shi, kuma yakan zo da ƙaiƙayin ƙarfe a cikin mai. Wanda yake da hankali yakan ɗauki sautin motarsa a waya ranar da ya gama gyara, a gudu sananne a giya sananniya, ya ajiye. Kunne yana sabawa da ƙara har ya daina lura tana ƙaruwa.

Wata ƙarar da ke tsorata sababbin masu M3 ita ce gurnani da ƙugi daga baya sa'ad da ake juya mota a hankali a wuri matsattse, kamar wajen fita daga layin gareji. Dif ɗin motar mai kulle ne, yana da faya-fayan kuloci a ciki da ke hana taya ɗaya ta yi ta juyawa a banza. A kwana mai tsanani tayar waje dole ta fi ta ciki gudu, faya-fayan sai su riƙa kamawa suna saki. BMW da kansa ya fitar da man dif mai ƙarin sinadarin santsi saboda wannan koke. Waɗanda suka sa dif ɗin tsere na kamfanonin OS Giken ko Drexler ko Kaaz kuwa, nasu har ƙas-ƙas yake yi yana fizgar bayan mota, mutanen da ke tsaye su juyo suna kallo. Ba lalacewa ba ce. Sabon mai da 'yan zagaye masu siffar lamba 8 a fili sukan rage ta. Sai dai a yi hattara da sinadarin santsin, don in ya yi yawa ƙarar za ta tafi, kullen ma ya bi ta. A ganina dif mai kulle da ya yi tsit gaba ɗaya bayan shekaru yana ƙugi ya fi cancantar a bincike shi, domin mai yiwuwa faya-fayan ne suka cinye.

Ƙarar da ba ta zuwa sai bayan zagaye biyar ko shida ita ce mai wahalar kamawa, don kafin a kai mota kan na'urar ɗagawa ta huce ta yi shiru. A tsere man dif yana iya wuce digiri 130, ya tsinke, gidan dif ya buɗe kaɗan, rata ta ƙaru. Giris ɗin gaɓoɓin shaf yana yin ruwa. Salansa tana tsawo in ta yi zafi, ta je ta taɓa gadon aksil ko garkuwar zafi, ta riƙa kai jijjigar inji cikin mota. Maganin shi ne a tari motar da ma'aunin zafi na nesa da zarar ta shigo, a auna cibiyar tayar hagu da ta dama, gaɓar shaf ta hagu da ta dama, bakin finiyon da murfin dif. Lambar kanta ba ta cika faɗin komai ba. Bambancin da ke tsakanin hagu da dama shi ne labarin, in an cire abin da yawan kwanonin filin zuwa gefe ɗaya zai jawo.

Shaf ɗin ma suna da nasu. Motar da aka sauke ƙasa ta canza kusurwar da gaɓoɓinsu suka saba aiki a kai shekara da shekaru, ƙwallayen ciki su bar gurbin da suka goge su hau kan gaɓarsa, sai a ji jijjiga in an taka totur da ƙarfi, ta ɓace in an saki. Ƙas guda ɗaya a lokacin tashi ko shiga ribas kuma yakan zama notin aksil ne bai ɗauru sosai ba. Irin wannan ƙas ɗin takalman birkin tsere ma suna yin sa, don da yawansu ba su da ƙarfen da ke hana su motsi. Sauran masu kwaikwayo, gaɓoɓin ƙarfe zalla na hannuwan taya, da sifirin da ke tashi daga mazauninsa, da mazaunin shokozoba na sama, duk suna amsa gargadar hanya ne, ba su san totur ba.

Saura dum. Ita ce ƙarar da ba ta cika kunne ba, kuma ita ce ya kamata ta hana mutum barci. A taka totur, dum. A saki, dum. Masu M3 sun saba da wani ɗan bugu a lokacin canza giya, wanda tarin ƙananan rata ne daga giyabos har shaf, kuma filawil, faifan ƙarfen da kuloci ke kamawa a bayan inji, mara nauyi da ake sa wa motocin tsere yana ƙara fito da shi, har ya haɗa da kwaramniyar giyabos in mota tana tsaye. Sabon da aka yi da wannan bugu shi ne haɗarin, domin a bayansa manyan abubuwa suke ɓuya. Faifan robar farfela yakan tsage. Robar boris ɗin tsakiya takan yage, farfela ta riƙa dukan rufinta a ƙarƙashin birkin hannu. Bushin ko kusar da ke riƙe dif takan saki. Mafi muni, farantin ƙasan but, inda kusoshi huɗun nan suke ɗaure, yakan tsage.

Wannan ciwo sananne ne a dukan dangin E46, har masu motocin suka kai ƙara ta haɗin gwiwa a Amurka aka sasanta a 2009. Duk sa'ad da aka ba mota wuta, dif yana ƙoƙarin murɗawa, gadon aksil ya ja wata kusurwa ƙasa ya tura wata sama, kuma siririn farantin ne yake shan wannan ja da turi sau dubbai. Yawanci tsagar takan fara a mazaunin baya na hagu. Yanzu a ƙara taya mai danƙo, da kuloci mai kamawa farat ɗaya, da bushin na ƙarfe da ba ya rage komai daga dukan. Gyaran da aka yi don mota ta yi sauri shi ne yake gaggauta tsagar, hayaniyar da gyaran ya kawo kuma ita ce take rufe ƙarar gargaɗin. Tsagar takan fara kamar silin gashi a ƙarƙashin datti da fentin kariya, wani lokaci jan layin tsatsa ne kawai yake tona ta, kuma ba a ganin iyakarta sai an sauke gadon gaba ɗaya. Duk E46 da za ta shiga fili, a ra'ayina, a duba wannan wuri kafin a saya mata ko da taya ɗaya ta tsere.

Game da ɗaga mota sama a kunna ta a sa giya, yana da amfani amma kaɗan. Tayoyi a rataye ba su ɗauke da nauyi, haƙora ba sa shan matsi, shaf suna lilo a kusurwar da ba tasu ba, sai a ji ƙarar da babu ita a hanya, a rasa wadda ake nema. Kuma kada a kuskura a yi shi da taya ɗaya a ƙasa, domin dif mai kulle zai tura motar ta sauko daga kan jak. Abin da ya fi shi shi ne ƙananan makirufo masu matsewa da ake maƙalawa a bakin finiyon, da gefen dif, da cibiyar kowace taya, da boris ɗin tsakiya, mutum ya zauna a kujerar fasinja da abin sauraro yana sauya layi mota tana tafiya. Makanikan Kaduna da Kano da suka girma a kan Peugeot 504, wadda ita ma da baya take ja, sun san asalin dabarar, dogon sukudireba a jikin aksil, ƙotarsa a kunne. Bambancin kawai shi ne makirufo yana bin mota har cikin kwana.

Kafin a kwance dif, a zubar da mansa cikin kwano mai tsabta a kai shi rana, a zagaya maganaɗisu a ciki. Laushin toka mai kama da kwalli ba abin damuwa ba ne, musamman a dif mai faya-fayai. Ƙyalli mai yawa a cikin man yana nuna boris ya fara ci. Ɓarɓashin da yatsa yake ji, ko guntun da ido yake gani, haƙori ne ko boris da ya farfashe, kuma motar ta gama gudu a wannan rana. Man da ya yi baƙi yana warin ƙuna yana nufin zafi ya fi ƙarfinsa, sai a rage tazarar canza shi ko a sa masa na'urar sanyaya mai. In man ya fito garau, fiton bai canza ba tun ranar da aka sa bushin, hannu bai ji motsi a bakin finiyon ba, to a mai da murfin a zuba sabon mai, a ɗauki tocila a koma kan kusoshi huɗun da ke ƙasan but.